Dabinon da Na Haɗiye

Mu shida ne a ɗakin ran nan, idan an ƙirga da jaririn. Akwai ni. Akwai autana, tsaye a bakin ƙofa, don gidan surukansa ne, kunya ba ta bar shi ya zauna ba. Akwai matarsa a kan gado, kwananta guda da haihuwa. Akwai mahaifiyarta, matar masunci, mace mai yawan dariya wadda ban taɓa sabawa da dariyarta ba. Akwai yayar mai jegon, wadda ke aikin nas a wani asibiti a Argungu, ita ce ta shigo a ƙarshe. Sai yaron, wanda ko suna ba a raɗa masa ba tukuna, an naɗe shi cikin tsohon zanen uwarsa.

Shekara bakwai muna jiran yaron nan. Ciki biyu sun zube kafin shi. Da na ukun ya tsaya, iyayenta suka ɗauke ta zuwa Argungu goyon ciki, ni kuwa na zauna Birnin Kebbi ina ƙirga watanni da yatsa, ban gaya wa kowa ina ƙirgawa ba.

Gidan mijina gidan malamai ne. Ba a haifi yaro a cikinsa ba sai an tauna dabino an shafa masa a dasashi, don abu na farko da zai shiga bakinsa ya zama mai zaƙi, daga bakin babba. Uwar mijina ce ke yi. Da ta rasu aka bar mini, kuma tun daga nan babu jikan da ya ɗanɗani duniya ba ta bakina ba. Ban yi karatu ba, ko na allo ban wuce abin salla ba, amma wannan aikin ba wanda ya taɓa tambayar ko na iya. Da maƙwabciyata ta dawo daga aikin hajji ta ba ni dabino, sai na ware guda mafi laushi, na ƙulle shi a leda, na saka cikin kwanon da nake ajiye carbina. Na yaron nan ne.

Sana'ata gumi ce, wato turara shinkafa. Ina sayen shanshera, shinkafar da ba a sussuke ba, daga manoman Zauro, in jiƙa, in turara a rabin duro, in baza a kan tampol ta sha rana. Shanya ita ce wahalar. Wuta ba ta ba ni tsoro, amma tsaron shinkafa a rana tsaka, da kaji da awaki da tsuntsaye kowa yana jiran ka juya baya, shi ke cin mutum. A makon da za a yi haihuwar masassara ta kayar da ni kwana huɗu. Ina tashi na koma kan shanya, don shinkafar da aka jiƙa ba ta jiran mai ita ta warke. Kwana biyu a rana, sai na ji ɗan ƙaiƙayi da zugi a gefen leɓena na sama, ta hagu. Washegari ƙuraje ƙanana masu ruwa suka fito a wurin.

Ban damu ba. Tun ina budurwa abin nan ke zuwar mini, kullum a wuri ɗaya, ya yi kwana goma ya bushe ya tafi. Mu a wurinmu alamar sauƙi ce. Iyayenmu sun ce masassara ce ke fita ta baki, in ka gan shi ka gode wa Allah, ciwo ya kama hanya. Don haka da autana ya buga waya ya ce an sauka lafiya, namiji, na ɗauki dabinona na hau mota da farin ciki biyu: jika ya zo, masassara ta tafi.

Na isa bayan azahar. Matar masunci ta tarbe ni tun daga zaure.

"Hajiya, taho ki ga angonki! Wallahi hancinku ya kwaso, mu ba a bar muna komi ba sai kunnuwa."

Na ce, "Kunnuwan ma Allah ya sa su ji magana."

Ta miƙo mini shi. Ba shi da nauyi, amma yana da ƙarfin riƙo, ya kama ɗan yatsana bai saki ba. Na karanta abin da na sani, na tofa a tafin hannuna, na shafa masa a kai kamar yadda na yi wa duk na gabansa. Sannan na mayar da shi ga kakarsa, na kwance ledar, na cire ƙwallon dabinon, na saka naman a baki. Ina tauna shi a hankali, don sai ya yi laushi kamar kunu ake ɗiba. Autana yana kallona daga ƙofa yana murmushi.

A nan nas ta shigo, da ruwan alwala a fuskarta. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, ta ɗago kai, sai na ga idonta ya tsaya a bakina. Na riga na kai ɗan yatsa ga leɓe.

"Inna, don Allah dakata."

Bakina cike yake, ban iya amsawa ba. Na dube ta kawai. Akwai kallon da nake yi wa yara su ajiye abin da ke hannunsu, shi na yi mata. Ba ta kau da ido ba, amma ba ta tashi daga durƙuson ba.

"Ki yi mini haƙuri, Inna. Abin da ke leɓenki, in ya shiga bakin yaron nan yana iya kashe shi."

 Uwarta ta ce, "Ke! Wace irin magana ce wagga gaban manya? Masassara ce ka fita, kowa ya sani."

"Na sani haka ake cewa, Mama. Ba haka ba ne."

Na duba autana. Murmushin ya tafi, yana kallon ƙasa. Na duba mai jego, ta ja yaron ta manna a ƙirjinta ba tare da ta san ta yi ba, kuma da ta ga na gani sai kunya ta kama ta. Wannan jan da ta yi shi ya yanke mini shawara. Dabinon da na ajiye wata uku, na haɗiye shi.  Na goge yatsana a gefen zanena, na ce, "To, na dakata. Zauna ki gaya mini. In maganarki ba ta da kai, ke da ni ne."

Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafafuna. Ta ce abin ƙwayar cuta ce, wadda ido ba ya gani, kuma ba masassara ce ta kawo ta ba. Tana jikina tun ina ƙarama, wataƙila daga bakin wani babba da ya sumbace ni ko ya tauna mini abinci. Da ta shiga, jiki ya yaƙe ta, sai ta bi jijiya ta hau can ciki, kusa da gindin kunne, ta kwanta.

Na ce, "Shekara sittin tana kwance? Mi take ci?"

Kafin nas ta amsa, uwarta ta tafa hannu. "Gaiwa ke nan! Hajiya, ba ki taɓa ganin kifin gaiwa ba? Ruwa shi janye, fadama ta bushe ta tsage, ita tana can ƙasa cikin laka ta naɗe kanta, kai ka ce ta mutu. Ruwan farko na sauka ta miƙe."

"Kamar haka, Mama," in ji nas. "Sai dai gaiwa damina take jira. Wannan kuwa jira take mai gadi ya yi gyangyaɗi."

Na tambaye ta wane mai gadi. Ta ce Allah ya saka wa jikin mutum masu tsaro iri biyu. Akwai waɗanda sai sun ga ɓarawo sun koyi fuskarsa, su kan ɗauki kwanaki kafin su shirya, amma ba sa mantuwa. Akwai kuma waɗanda aka haife mu da su, su ba ruwansu da sanin fuska. Duk abin da ba na gida ba, da ya motsa, suna kansa. Wasu ihu suke yi, maƙwabta su ji su rufe ƙofofinsu don cutar ta rasa inda za ta shiga. Wasu zagaye suke yi, in suka tarar da ɗakin da ta riga ta shiga, su rushe ɗakin da ita a ciki. Ta ce ba za su iya tono ta daga inda ta ɓuya ba, don jijiya ba wurin da ake rushewa ba ne, amma suna tsaye a kanta. Ta ce sau da yawa ƙwayar kan motsa su danne ta, ni ina can ina tankaɗe ban san an yi ba.

Wannan na gane shi ba tare da an maimaita ba. Ni ma in ina tsaron shanya ba na tambayar akuyar wa ce. Ta liman ce, ta mai unguwa ce, sanda ɗaya ce. Kuma na san ranar da awaki ke cin shinkafata: ranar da kaina ke ciwo, ko aka kira ni cikin gida.

Na ce, "Wato masassarar ta janye su."

"Ta janye su, Inna, ga rana da kika sha, ga gajiya. Da ƙwayar ta ga fili sai ta biyo jijiyar ta sauko leɓe. Shi ya sa kullum wuri ɗaya take fito miki. Kwana kaɗan su farga su kore ta. Ke jikinki ya san aikinsa, ba abin da za ta yi miki sai ɗan zugi. Amma ruwan ƙurajen nan cike yake da ita. Shi kuwa," ta nuna yaron da haɓa, "masu gadinsa ba su yi ƙarfi ba, jiya-jiya suka zo duniya tare da shi. In ta shige shi ba lallai ta tsaya a leɓe ba. Tana iya kaiwa ido, ko hanta, ko ƙwaƙwalwa."

Autana ya yi magana karo na farko. "Ni ma yana fito mini wani lokaci."

Na ce, "Ai daga bakina ka ci." Ban faɗa don a tausaya mini ba. Lissafi nake yi a fili.

Sai na tuna da tofin. Su uku sun ga na yi, nas ce kaɗai ba ta nan. Matar masunci ta ɗaga kai tana duban rufin ɗaki kamar yau ta fara ganinsa. Mai jego ba za ta taɓa buɗe baki ta faɗi laifin uwar mijinta ba, ko da za ta kwana tana kuka. Autana kuwa na san shi. In ban faɗa ba, ba mai faɗa.

"Kafin ki shigo na tofa a hannuna na shafa mishi a kai."

Nas ba ta yi salati ba, ba ta zaro ido ba, kuma na ga girmanta a nan. Ta tashi ta wanke hannu da sabulu, ta karɓi yaron, ta kai shi wurin hasken taga, ta duba kan nasa a hankali, tana buɗa gashin da yatsa. Ta ce babu ƙwarzane ko rauni, fatar lafiya lau take, wannan abin godiya ne, don fata ma gadi ce. Ta sa aka kawo ruwan ɗumi ta wanke masa kai. Ta ce hatsarin bai kai na baki ba, amma ba za ta ce babu ba. In ta koma aiki za ta gaya wa likita. Daga yau har a yi arba'in a sa masa ido: in jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙwarai, in ya ƙi nono, in barcinsa ya yi nauyin da ba a iya tashinsa, in ƙurji ko ɗaya mai ruwa ya fito ko idonsa ya yi ja, kada a jiƙa komai, kada a jira gari ya waye, a kawo shi asibiti. Akwai magani, amma yana son a zo da wuri.

Na sa ta maimaita alamun, na bi ta da yatsuna har na riƙe.

Matar masunci ta ce, "To dabinon fa? Haka za a bar angon Hajiya bai ɗanɗana ba?"

Na ce na haɗiye.

Ta yi ƙoƙarin riƙe dariya, ta kasa. "Wayyo! Ango bai ci ba, amarya ta cinye!" Har mai jego sai da ta rufe fuska da mayafi kafaɗunta na rawa. Ban yi dariya ba, amma ban hana su ba.

Aka samo dabinon kasuwa. Nas ta ce kada kowa ya tauna, ko mai bakin da ba komai, uban ya wanke hannu sosai ya murza ɗan kaɗan da yatsa, ya taɓa kawai. Autana ya shigo ɗakin surukansa yana sanɗa, ya durƙusa. Ina daga bakin gado, nesa, ina gaya masa: bismilla tukuna, dama ba hagu ba, kada ka tura yatsa ciki. Yaron ya yamutsa fuska, sannan ya tsotsi leɓensa. Ranar ce ta farko da aka yi wannan abu a zuriyarmu ina raye ba da bakina ba.

Bayan la'asar na fita tsakar gida na zauna ƙarƙashin darbejiya, inda aka rataye tarun maigidan yana shan iska. Akwai abin da ke cina. Babbar ɗiyata, haihuwarta ta biyu mace ce, kyakkyawa, lafiyayya. An yi suna lafiya. Kwana kaɗan bayan suna ta ƙi nono, ta yi ta barci, kafin mu yanke shawarar asibiti ta koma. Shekara goma sha ne yanzu. Ni na tauna mata dabino. Na zauna ina neman fuskata ta wancan makon, ko akwai abu a leɓena ko babu. Na tuna zanen da na ɗaura ranar sunan, na tuna ragon, na tuna an yi ruwa da yamma. Leɓena na kasa tunawa, don ba abin da ake tunawa ba ne a lokacin.

Nas ta fito za ta koma aiki, jakarta a kafaɗa. Na kira ta, na gaya mata. 

"Inna, ban sani ba. Abubuwa da yawa suna ɗaukar jariri a haka. Ko likita ba zai iya gaya miki yanzu ba."

"Amma yana yiwuwa."

"Yana yiwuwa. Yana yiwuwa kuma ba shi ba ne."

Na gode mata da ba ta rarrashe ni da ƙarya ba. Na ce, "Ɗiyata, kin tsayar da ni gaban ɗana da surukata."

Ta sunkuyar da kai. "Ki gafarce ni."

"Ban ce kin yi laifi ba. Cewa na yi kin yi. Je ki, kada ki makara."

Babu abin da ya sami yaron. Na zauna Argungu har arba'in, shinkafata maƙwabciya ta ƙarasa shanyar. Kullum da safe ina sa uwarsa ta kwance shi a haske in duba shi daga kai har tafin ƙafa, da farko daga nesa, bayan leɓena ya warke sarai kuma a hannuna. Yanzu yana gudu, shi ke watsa mini shinkafa in sun zo Birnin Kebbi. Maganar ɗiyar babbar ɗiyata kuwa tana nan inda take, ban samu amsa ba, na bar wa Allah. Amma duk wannan daga baya ne. A ranar ban san yadda za ta ƙare ba.

Abin da na sani shi ne washegari mata za su cika gidan. Haihuwar da aka jira shekara bakwai, daga Gulma za a zo, daga Augie za a zo, kowace da addu'arta a baki, kowace sai ta ɗauka ta tofa ta sumbata. Mai jego ba ta iya hana kowa. Uwarta dariya za ta yi. Nas tana wurin aiki.

Da na idar da sallar asuba na naɗe bakina da gefen mayafi na ɗaure ta baya. Na ɗauki kujerar tsakar gida na dasa a ƙofar ɗakin mai jego, na ajiye buta da sabulu a gefen dama, na zauna. Hantsi bai yi ba suka fara shigowa. Kowace na amsa barkarta, na nuna mata buta, na ce addu'a daga nesa, ba tofi, ba sumba. Wasu suka yi gunaguni, suka wanke.

Ta biyar ko ta shida wata dattijuwa ce, ƙanwar maigidan, ta girme ni, da carbi a hannu. Tun daga nesa na hango ɓawon ƙurji a gefen bakinta, bai gama bushewa ba.

Na ce, "Yaya, ke nan za ki tsaya."

"Ni? Ni da anka haifi uwar yaron ga a hannuna? Masassara ce ta fita, ke ba ki sani ba?"

Na sassauta mayafina na nuna mata nawa leɓen, na mayar na ɗaure.

"Ni ma kakarsa ce, kuma ga ni a waje. Jawo tabarma ki zauna nan kusa da ni, in an ɗaga labule kya gan shi."

Ta tsaya tana dubana, ina dubanta. Daga baya ta jawo tabarmar.